Lobeliya da Ruɗin Cewa Amai Waraka Ne

A ƙarshen shekarar 1809 aka gurfanar da wani mai maganin itatuwa, Samuel Thomson, a gaban kotu a garin Salem na jihar Massachusetts ta Amurka, ana tuhumarsa da kisan kai. Wani saurayi mai suna Ezra Lovett ne ya kwanta da abin da ya fara kamar mura, aka kira Thomson, shi kuma ya shiga ɗura masa garin da ke sa amai, yau ya ba shi, gobe ya ƙara, har saurayin ya fara jijjiga, daga nan rai ya yi halinsa. Masu gabatar da ƙara suka ce garin na ganyen lobeliya ne. An sallami Thomson, kuma har yau masu tallar wannan ganye suna kafa hujja da sallamar. Abin da ba sa faɗa shi ne dalilinta. Alƙalin ya bayyana cewa wanda ya ba da magani da zuciya ɗaya don ya warkar, ko da jahilcinsa ne ya jawo mutuwa, doka ba ta kama shi da laifin kisa ba. Niyyar mutumin kotu ta duba, ba ta yanke hukunci a kan ganyen ba.

Na tono wannan tsohon zance ne saboda ganyen da a da sai an ƙetare teku kafin a gan shi, yau yana cikin wayar kowa. Shagunan intanet suna sayar da shi a kafso da tsimi da busasshen ganye, ana cewa yana maganin asma, yana narkar da majina, yana wanke huhu, yana raba mutum da sigari. Duk mai katin banki zai iya yin oda. Ra'ayina shi ne wannan ganye bai dace da kwandon maganin gida ba, kuma ina faɗin haka a matsayin wanda ya tashi da sirace da jiƙe-jiƙe, bai kuma raina su ba.

Irin lobeliyar da ake sha masana tsirrai suna kiransa Lobelia inflata. Ɗan ƙaramin tsiro ne mai furanni ruwan bula mai haske, asalinsa gabashin Amurka ta Arewa, daga kudancin Kanada zuwa jihohin kudancin Amurka. Ba ya cikin itatuwan dajinmu, shi ya sa ba mu da sunansa da Hausa, babu kuma wata kaka a gidajenmu da ta gaji sanin yawan da ake ɗiba. Mutanen asali na Amurka, irin su Cherokee, sun daɗe suna amfani da shi don ciwon ƙirji, wasu suna shan hayaƙinsa, daga nan Turawa suka laƙaba masa suna tabar Indiyawa. Da dama daga cikin sauran sunayen da suka ba shi a kan amai suke. Mutanen da suka fi kowa saninsa da abin da ya fi fitowa fili a aikinsa suka kira shi.

Dole a yi wa Thomson adalci. An haife shi a 1769 a ƙauyen Alstead na jihar New Hampshire, a zamanin da likitocin boko suke tsiyaye jinin majiyyaci suna kuma ba shi kalomel, wani magani mai zaiba da ke zubar da haƙora. Shi kansa George Washington, shugaban Amurka na farko, an tsiyaye masa jini mai yawa a ciwon ajalinsa a 1799. Manomin da ya ga an yi wa nasa haka ba za a zarge shi ba idan ya gudu wajen mai ganye. Thomson ya koyar da cewa sanyi ne tushen cuta, zafi kuma shi ne rai, saboda haka sai a wanke ciki da lobeliya, a ɗumama jiki da barkono, a yi sirace. A 1813 ya samu rajistar mallakar wannan tsari, ya riƙa sayar wa iyalai izinin amfani da shi a kan dala 20. Jama'a suka rungume shi, har wani Albert Coffin ya kai irin wannan tsari Ingila, ya bazu tsakanin leburorin masana'antu. Nasarar Thomson ta zo ne daga munin abin da yake hamayya da shi. Kalomel da tsiyaye jini sun daɗe da barin asibiti, amma maganin da aka tayar don a guje musu yana nan ana tallarsa da hujjojin shekara ɗari biyu da suka wuce.

A nan ne labarin ya taɓo mu. Tunanin da ya ɗaga lobeliya a Amurka mun san shi a gida: magani ya sa ka amai, a ce cutar ce ta fito, ya sa ka gudawa, a ce dattin ciki ne ke fita, ka jigata, a ce ai yana aiki ne. Sau nawa muka ji an ce wa majiyyaci ya daure, sai ya amayar da abin da aka ba shi a abinci? Amai kuwa hanya ce da jiki ke kare kansa idan ya ji guba ta shigo. Abin da ke fitowa abincin ciki ne da ruwa da gishirin jiki. Majinar da ta toshe huhu ba ta cikin tumbi, hanyarta daban. Mai amai sau biyar a yini ya yi asarar ruwa, idan kuma yaro ne ko tsoho, wannan asarar kaɗai tana iya kai shi gadon asibiti.

Sinadarin da ke aiki a ganyen sunansa lobelin. Wani masanin kimiyya Bajamushe, Heinrich Wieland, shi ya tace shi tsantsa a 1921, aka kuma yi shekaru ana allurarsa don zaburar da numfashi kafin likitoci su bar shi. Yana kama wuraren da nikotin na taba ke kamawa a jijiyoyi. Kaɗan daga cikinsa yana sa numfashi ya yi sauri, ya tayar da tari. Idan ya yi yawa sai lamarin ya juye: tashin zuciya, amai, gudawa, zufa mai sanyi, jiri, karkarwa, bugun zuciya ya rikice, hawan jini ya faɗi, sannan jijjiga da doguwar suma, numfashin da aka so a taimaka shi ne ke raunana.

Tazarar da ke tsakanin waɗannan biyun ita ce damuwata. Littattafan masana haɗa magunguna suna cewa giram 0.6 zuwa giram 1 na ganyen yana iya zama guba, giram 4 kuma yana iya kisa. Don a gane ƙanƙantar wannan, ƙwayar farasitamol ɗaya miligiram 500 ce, wato rabin giram. Wace uwa ce ke da sikelin da zai auna haka a madafa? Mu da tafin hannu muke awo, da cokali, da “ɗan kaɗan”. Ga shi ƙarfin ganyen ba ɗaya ba ne: 'ya'yansa sun fi ganyen sinadari, abin da aka tsinka a wannan gona ya bambanta da na waccan, tsimin wannan kamfani ba na wancan ba ne. A Birtaniya doka ta ƙayyade cewa mai maganin itatuwa, bayan ya ga majiyyaci ido da ido, kada ya wuce miligiram 200 a sha ɗaya, kada ya wuce 600 a yini. Ƙasar da ta yi kusan ƙarni biyu da sanin ganyen ke nan take ɗaure hannun ƙwararrunta.

Masu kare lobeliya suna da hujja ɗaya da ba zan yi watsi da ita ba. Suna cewa mutuwar da aka tabbatar da ita a zamaninmu ba ta da yawa, domin idan mutum ya sha fiye da kima amai ke fitar da shi kafin ya yi ɓarna. Akwai ƙamshin gaskiya a ciki. Sai dai wannan kariya tana ga mai ƙarfin yin aman ne. Wanda ke haki ko ya fara fita hayyacinsa yana iya shaƙe aman ya gangara huhu. Mai ciwon zuciya bugun zuciyarsa na iya rikicewa tun kafin cikin ya juya. Kuma ko da mun yarda haɗarin ba kullum yake kisa ba, ai haɗari ana ɗaukarsa ne don wata riba. To ina ribar?

A batun barin sigari an riga an gwada. An yi shekaru ana sayar da ƙwayoyin lobelin a Amurka da sunan maganin daina shan taba, sai a 1993 hukumar kula da abinci da magunguna ta ƙasar, FDA, ta hana sayar da su don wannan manufa, saboda babu hujjar cewa suna aiki. Kada wani ya ce ƙiyayya ce ga maganin itatuwa. Akwai sinadarin sitisin, shi ma daga tsiro ake samunsa, shi ma wuraren nikotin yake kamawa, an daɗe ana sayar da shi a Bulgeriya tun shekarun 1960. Da aka gwada shi a kan ɗaruruwan mashaya taba sai aka ga yana taimakawa, har Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa shi cikin magungunan da ta ba da shawarar amfani da su a 2024. Tsirrai biyu aka ɗora a kan sikeli ɗaya, guda ya yi nauyi, guda bai yi ba.

Inda na fi jin tsoro shi ne asma. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 2019 mutum miliyan 262 ke fama da ita, 455,000 suka mutu, akasarinsu a ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi. Wanda ya taɓa kwana a kan yaron da asma ta tasar wa cikin hunturu, ƙirjinsa na fito, haƙarƙarinsa na lotsawa, ya san abin da minti goma ke nufi. A wannan hali hanyoyin iska ne suka tsuke suka kumbura. Inhelar salbutamol tana buɗe su cikin 'yan mintuna, inhelar rigakafi da ake shaƙa kullum kuma tana kwantar da kumburin. Lobeliya tana iya sa yaron ya ƙara saurin numfashi, ya yi tari, ya yi amai, iyaye su ce alhamdu lillahi magani ya kama, alhali hanyar iskar tana nan a tsuke, lokacin tafiya asibiti kuma yana ƙurewa. Na san abin da ke kora mutane ga irin wannan: inhela ta yi tsada, wasu kuma sun yarda da jita-jitar cewa wanda ya fara ta ba ya bari. Tsadar gaskiya ce, kuma abin a tuhumi hukumomi ne a kanta. Jita-jitar kuwa ba ta da tushe, inhela ba ta kama jiki kamar taba. Ciwon ne mai daɗewa, shi ya sa maganinsa ke daɗewa.

Sai batun kwalba mai kyau da tambarin ƙasar waje, wanda ke ruɗin mai saye. A ƙarƙashin wata doka ta 1994, a Amurka ana sayar da irin waɗannan kayan ƙarin lafiya ba tare da FDA ta tabbatar da amfaninsu ba kafin su shiga kasuwa. A Najeriya ma lambar da NAFDAC ke ba maganin gargajiya a matakin farko ba shaida ce cewa yana warkar da abin da aka rubuta ba, shi ya sa ake buga wa a jikin kwalin cewa hukumar ba ta tantance iƙirarin ba. Sau da yawa lobeliya ba ita kaɗai take zuwa ba, tana ɓoye cikin haɗin “wanke huhu” mai ganye bakwai ko goma, sai wanda ya juya kwalbar ya karanta ƙananan rubutun zai ga sunanta.

Mai juna biyu, mai shayarwa, ƙaramin yaro, mai ciwon zuciya ko hawan jini, mai gyambon ciki, mai farfaɗiya, da wanda ke amfani da cingam ko filastar nikotin, waɗannan ko kusa kada su je. Idan kuwa wani a gida ya riga ya sha, aka ga zufa da karkarwa da amai ba ƙaƙƙautawa, kada a ƙara masa, kada a tsaya ɗura manja ko madara. A kwantar da shi a gefensa don kada aman ya shaƙe shi, a nufi asibiti mafi kusa, a tafi da kwalbar domin likita ya ga abin da ke ciki da yawan da aka sha.