Batirin jika ɗari da arba'in, yanzu kujerar tsakar gida

Jiya da hantsi na ɗora batirina a kan amalanke, na bi shi a ƙafa har kasuwar Tawa, kamar mai rakiyar gawa. Gawar ce kuwa. Wata huɗu kacal da sayensa.

Mu da ke bayan gari, inda turakun kuran ba su iso ba, shekara nawa muna jin "bana za a jawo"? Da na gaji, ƙanena da ke ci-rani a Abijan ya turo kuɗi, na haɗa da abin da na tara, na sayi fanon sola biyu, regilata mai daidaita caji, da batir mai 12V 200Ah wanda aka rantse mini jel ne na asali. Ba firigo nake nema ba. Ƙwai uku, fanka ɗaya saboda tsohuwa, da cajin waya. Sati shidan farko har asuba fanka ke juyawa. Daga nan ta koma ƙarfe biyu, ta koma sha biyu, yanzu ko sha ɗaya ba ta kaiwa. A wannan bazarar da bango ke huci har tsakar dare!

Wani tsohon ɗalibina mai gyaran sola ya zo ya duba. Bai ma fito da na'ura ba, ɗaga batirin kawai ya yi da hannu ɗaya ya yi dariya. Ya ce batir mai 200Ah na gaskiya yana kusan kilo 60, don darma ce cike da cikinsa. Muka kai nawa sikelin mai sayen albasa: kilo 37. Regilatar ma da aka rubuta wa MPPT, wato samfuri mai inganci da tsada, da manyan baƙaƙe, ya buɗe ya nuna mini, PWM ce mai araha aka canja wa riga.

To, na isa kanti. Na yi sallama sau biyu. Alhaji na kishingiɗe a kujera, waya a kunne, fankoki biyu na kaɗa masa babbar riga. Ya ɗaga mini yatsa ɗaya, wato in jira. Na jira ya gama cinikin wata kwantena, ya kurɓi shayi, ya bai wa yaro kofi, sannan ya dubi amalanken, ba ni ba.

"Mushe, lafiya?"

Na ce, "Alhaji, batirin da na saya wajenka ne, ba ya riƙe wuta."

"Mi ka jona mai?"

Na lissafa masa. Ya girgiza kai kamar likita. "Ƙarfen guga ne. Ku duka haka kuke cewa. Mata na jonawa in kun fita."

Na ce gugarmu ta gawayi ce, ko ondila mai juya wutar batir ta zama irin ta kuran ba mu da ita balle a jona. Na miƙa masa takardar da yaronsa ya rubuta mini, da garanti na shekara ɗaya. Ya riƙe ta da yatsu biyu, nesa da jikinsa, sai ka ce tsumman majina.

"Wanga yaro ya bar nan tun azumi. Ni ban sa hannu ba."

Na ce tambarin kantinsa ne a kai. Na kawo maganar sikeli. Nan ne ya tashi zaune, ya kira maƙwabcinsa mai sayar da wayoyi. "Zo ka ji! Mushe ya kai batir sikeli. Kilo ka saya ko wuta?" Suka kwashe da dariya, har mai amalankena ya sunkuyar da kai yana murmushi. Da ya gama share hawaye ya ce, "Garanti na Allah ne, Mushe. In kana so, kawo jika ɗari uku in ba ka lityom, in karɓi wanga a kuɗin darma."

Madalla. Ya sayar mini da rabin batir a kuɗin guda, yanzu zai yi mini alfarmar sayensa a matsayin bola.

Ban ga laifin Alhaji shi kaɗai ba. Wannan kaya ba ta sama ya faɗo ba, ta iyaka ya shigo, a mota, da rana tsaka, an karɓi haraji a kansa. Wa ya auna? Wa ya buɗe ko kwali ɗaya? Ina ofishin da talaka zai kai kuka in an sayar masa da akwatin roba da sunan batir?

Kuma me ya kai malamin makaranta koyon amfiya da bolt tun farko? Tun 2008 aka aza harsashin madatsar Kandaji, yaran da aka haifa a shekarar sun fara gemu. A 2018 aka buɗe tashar sola mai megawat 7 a Malbaza, nan kusa da mu, muka yi ta tafi. A 2023 Najeriya ta yanke layi, muka ga yadda Yamai kanta ta koma fitilar hannu, don a lokacin kusan kashi 70 cikin ɗari na wutar Nijar ta maƙwabta ce. Ƙasar da yuraniyom ɗinta ya yi shekaru yana haska gidajen Faransa, ga gawayin Salkadamna kwance a ƙarƙashin jiharmu, ga rana da ke gasa mu kyauta. Sai aka bar kowa ya zama kamfanin wutar gidansa, aka sakar mana kuraye a kasuwa. Mu kuma, in an cuce mu, sai mu ce "haƙuri", mu ma nuna wa maƙwabci kantin.

Na biya mai amalanke kuɗin dawowa. Batirin na nan tsakar gida, tsohuwa na zama a kansa tana fifita da mafici. Ƙanena ya kira sau uku tun jiya yana son jin yadda sola take, ban ɗauka ba.