Babbar Rigar Gizo

Jadawalin da na tsara wa fim ɗinmu abin kallo ne, har da jan biro da shuɗi. Katun ne na kwamfuta, minti 3 kacal, a kan tatsuniyar nan da Gizo ya haɗa giwa da dorina jan igiya, kowaccensu tana zaton da shi take ja. Ni ne furodusa, ni ne darakta, ni ne mai sayo fetur. Ma'aikatana biyu: ƙanena da ya koyi Blender, manhajar haɗa katun, a YouTube, sai ɗan yayata mai yin muryar Gizo, saboda tsamin bakinsa na gaskiya ne, ba sai mun biya kuɗin koyo ba. Kawu ne ya zuba jari, bayan na tabbatar masa manhajar kyauta ce tun 2002, lokacin da mai ita, Ton Roosendaal ɗan ƙasar Holan, ya sake ta ga kowa. Kalmar "kyauta" kaɗai Kawu ya riƙe a duk bayanin.

Mun zana labarin a takarda, mun naɗi murya cikin dare a ɗakin Inna, mun lulluɓa da bargo don kada kukan janaretan maƙwabta ya shiga. Komai lafiya lau, sai ƙanena ya ɗago kai.

"Yaya, gizo-gizo ƙafa nawa gare shi?"

Na ce takwas, har ina jin haushin tambayar. Ya ce to kowace ƙafa sai an dasa mata ƙasusuwa a cikin kwamfuta, gaɓa-gaɓa, kuma duk takun da Gizo zai yi sai an gaya wa kowace ɗaya inda za ta sauka. Gwajin farko da ya nuna mini, ƙafa shida sun nufi gabas, biyu sun tsaya suna shawara.

Nan basirar darakta ta motsa. Na ce a sa masa babbar riga har ƙasa, ta rufe ƙafafun gaba ɗaya. Wa zai ƙirga abin da bai gani ba? Ƙanena ya yi shiru irin na yaron da aka hana shi musu da manya.

Ashe yadi a kwamfuta ba zana shi ake yi ba, lissafa shi ake yi. Sai ka faɗa mata nauyinsa da taurinsa, ita kuma ta bi ɗigo-ɗigon rigar tana auna inda iska da motsi za su kai kowanne, da inda zai taɓa jiki. Na ce shadda nake so, mai sitati, da aiki a wuya. Muka danna. Rigar ta sauko a hankali, gwanin sha'awa, ta taɓa ƙafa ta uku, ta tsorata, ta kumbura ta cika allo, sannan ta bi ta cikin cikin Gizo ta fita ta bayansa ta nufi sama. Gizo ya tsaya tsirara a gaban giwa yana cewa "Yanki ya daɗe." Ɗan yayata ya yi dariya har ya faɗo daga kan benci, kuma tun ranar ba ya kirana darakta.

Da aka samu rigar ta zauna, sai renda, wato kwamfuta ta lissafa haske da inuwa ta fitar da hotunan ɗaya bayan ɗaya. Daƙiƙa ɗaya ta fim hoto 24 ce, minti 3 kuwa hoto 4,320. Kwamfutarmu tana cin minti 10 a kan kowane hoto da injin Cycles. Na buga a waya: awa 720. Wata guda cur, ba ɗauke wuta, ba hutawa, a zafin Kano na watan Afrilu. A jadawalina na ware wa wannan aiki yammacin Alhamis.

Muka ɗora kwamfutar a kan bulo biyu, muka juya mata fankar Inna, Inna ta koma mafici tana yi mana addu'ar da ban tabbatar ta alheri ce ba. Aka ɗauke wuta a hoto na 61. Janareta ya karɓa, ya shanye jarin Kawu a hoto na 200 da 'yan kai.

Taron gaggawa muka yi a zaure. Muka koma injin renda na Eevee mai sauri, muka rage motsi zuwa hoto 12 a daƙiƙa. Aka sallami dorina, tunda a ruwa take, ruwa kuma ya fi yadi rigima. Giwa ta koma bayan dutse. Gizo ya zauna a tabarma bai ƙara tashi ba, igiya kawai ke motsi hagu da dama. Fim ya dawo daƙiƙa 50.

Ranar nunawa Kawu ya zo da abokansa biyu. Kafin ya gama gyara zaman hularsa sunayenmu sun fara hawa allo.

"An fara ne?"

"An gama, Kawu."

Ya ce a maimaita. Ya kalla sau uku, ya yaba ɗinkin rigar, ya tambayi ina giwar da ya biya. Sannan ya ce kashi na biyu lallai a sa kura, mai gashi sosai, tana gudu cikin ruwan sama. Ƙanena ya rufe kwamfutar, ya ce zai je sallah, alhali ko la'asar ba a kira ba.