Allurar ruwan sukari a baya: wace jijiyar ake nufi?

Yayana tela ne, ya fi shekara ashirin a kan keken ɗinki. Bara, ana saura mako uku sallah, lokacin da aiki ya fi yi masa yawa, ciwo ya kama shi a kwankwaso. Da farko ya ce gajiya ce. Bayan kwana kaɗan sai ciwon ya gangara ta ɗuwawun hagu, ya bi bayan cinya, ya wuce gwiwa, har ƙaramin yatsan ƙafa. Ya ce mini ji yake kamar an jona masa wayar wuta, in ya yi tari ko atishawa sai ya dafa bango. Ranar da na gan shi a sahun gaba a masallacin unguwarmu yana sallah a kan kujerar roba, mutumin da ban taɓa ganin ya zauna a farilla ba, hankalina ya tashi ƙwarai.

An yi masa ƙaho sau biyu, an shafa mai iri-iri, ya sha allurar kashe zafi a kemis har ya daina ƙirgawa. Ana cikin haka wani ya turo bidiyo a zauren WhatsApp na dangi: wani asibiti a ƙasar waje, ana yi wa mutum allurai a jere a gadon baya, wai ruwan sukari ne ake zuba wa jijiyoyi, ciwon da ke sauka ƙafa ya tafi ba tare da tiyata ba. Yaya ya kira ni da daddare ya ce, "Ƙanena, kai da kake karance-karance, duba mini wannan. In gaskiya ne, ko keken nan ne sai in sayar."

Ni ba likita ba ne, amma na zauna na karanta, kuma ga abin da na fahimta.

Maganin ba ƙirƙirar 'yan intanet ba ne. Sunansa furoloterafi, kuma wani likitan fiɗa ɗan Amurka, George Hackett, shi ya yaɗa shi a shekarun 1950. Tunaninsa shi ne: igiyoyin da suka ɗaure ƙashi da ƙashi a baya da ƙugu suna iya saki, kamar yadda igiyar gado ke saki in ta daɗe, sai gaɓa ta riƙa motsin da bai kamata ba, ciwo ya biyo baya. Sai a tsira allura daidai inda igiyar ta kama ƙashi, a zuba abin da zai ɗan fusata wurin ya kumbura, jiki ya taso da gyara, igiyar ta ƙara kauri. Yau abin da aka fi zubawa shi ne ruwan gulukos mai kauri, kashi 12 zuwa 25 cikin ɗari, a haɗa da maganin kashe zafi. Ba sau ɗaya ake yi ba. Ana komawa bayan 'yan makonni, sau uku zuwa shida, wani lokaci fiye, kuma kowane zama allurai ne da yawa.

Inda nake ganin mu Hausawa muka fi shiga haɗari shi ne a bakinmu. Kalma ɗaya muke da ita, jijiya. Hanyar jini jijiya ce. Agara jijiya ce. Igiyar da ta ɗaure gaɓa jijiya ce. Farin zaren da ya fito daga laka yana kai saƙo ƙafa, shi ma jijiya ne. Saboda haka in likita ya ce maka jijiya ce ta danne, sannan ka ji wani yana tallan allurar gyaran jijiya, me zai hana ka ce faɗuwa ta zo daidai da zama? Alhali abubuwa biyu ne daban. Wannan allura ta igiyar gaɓa ce. Ciwon da ke harbawa daga baya har yatsa kuwa, galibi na jijiyar laka ne. Tsakanin ƙasusuwan baya akwai wani faifai mai taushi kamar matashi; in ya tsage, cikinsa ya bulluƙo ya danne saiwar jijiyar, yawanci a gaɓoɓi biyu na can ƙasa. Saiwoyin nan su ne ke haɗuwa su zama babbar jijiyar da ta ratsa ɗuwawu ta sauka ƙafa, wadda ta fi kowace girma a jikin mutum. Ko buhun sukari aka narka aka zuba wa igiyoyin baya, ba zai ɗaga faifan nan daga kan jijiya ba.

Amma zan yi wa masu wannan magani adalci, don suna da hujja guda mai ƙarfi. Ba kowane ciwon da ya sauka ƙafa ne na dannewar jijiya ba. Tun ƙarshen shekarun 1930 wani likita a Landan, Kellgren, ya riƙa tsira ruwan gishiri mai kauri a tsokoki da igiyoyin bayan mutane masu lafiya, sai suka ji ciwo a can nesa da inda aka tsira, har cikin ƙafa. Mahaɗar da ke tsakanin ƙarshen ƙashin baya da ƙashin ƙugu ma takan yi haka, musamman ga mata bayan haihuwa ko wanda ya faɗi a kan ɗuwawu. Irin wannan ciwon yakan zama mai nauyi, mai nuƙurƙusa, mutum bai iya nuna iyakarsa da yatsa, sau da yawa bai wuce gwiwa, kuma ƙafa ba ta mutuwa. A nan ne allurar take da ɗan abin nunawa. A 2010 an yi wani gwaji a Koriya ta Kudu a kan mutum 48 da aka tabbatar ciwonsu daga wannan mahaɗa yake. Bayan wata 15, fiye da rabin waɗanda aka yi wa ruwan sukari suna nan da sauƙi, waɗanda aka yi wa allurar rage kumburi ta sitiroyid kuwa kusan ɗaya cikin goma ne. Mutum 48 ba yawa ba ne, amma ba abin yarwa ba ne.

Sauran binciken bai yi wa maganin daɗi haka ba. A Ostareliya, a 2004, an ɗauki mutum 110 masu daɗaɗɗen ciwon baya, aka yi wa wasu ruwan sukari, wasu ruwan gishiri irin na ƙarin ruwa, aka bi su shekara biyu. Duka ɓangarorin sun samu sauƙi, amma babu wani bambancin a zo a gani tsakaninsu. A 2007 masu bitar binciken lafiya na ƙungiyar Cochrane suka tattara gwaji biyar na mutum 366, suka ce allurar ita kaɗai ba ta nuna amfani ga daɗaɗɗen ciwon baya ba, sai dai in an haɗa ta da motsa jiki da sauran jinya. To in sai an haɗa da motsa jiki, wa ya san wanne ne ya yi aikin? Shirin inshorar lafiya na gwamnatin Amurka, Medicare, ba ya biyan kuɗinta, a ƙasar da aka haife ta.

Akwai kuma abin da masu talla ba sa faɗa: yawancin masu dannewar jijiya suna samun sauƙi da kansu cikin mako shida zuwa wata uku, domin jiki kan tsotse abin da ya bulluƙo daga faifan a hankali. Wanda ya fara allura a mako na biyu, ya gama a wata na uku, dole ya rantse ita ce ta warkar da shi, kuma ba ƙarya yake yi ba, abin da ya gani ya faɗa.

Abin da ya fi tsorata ni shi ne ranar da wannan abu zai faɗo hannun masu allurar lungu. Mu mutane ne masu son allura. In ba a tsira mana ba, gani muke ba a yi mana magani ba. Ruwan gulukos ba shi da tsada, sirinji ma haka. Wa bai san yaron da ke jan ƙafa ba saboda an yi masa allurar zazzaɓi a ɗuwawu ta sami jijiya? Wannan a tsoka ke nan. Ina ga allura mai tsawo a gefen laka, a hannun wanda bai taɓa karanta yadda bayan mutum yake ba? Ga shigar ƙwayar cuta, ga huda rigar laka, in an yi sama kuma har huhu ana iya hudawa. Sannan a ƙasarmu ciwon baya ba kullum na faifai ba ne. Tarin fuka yana cin ƙashin baya. Mai ciwon baya da rama da zufan dare da zazzaɓi gwaji yake buƙata. Wanda fitsari ya riƙe masa ko yake zubo masa bai sani ba, ko tsakanin cinyoyinsa ya mutu, ko ƙafa ta fara ja, wannan asibiti zai nufa a ranar, ba gobe ba, don jinkiri na iya barin sa da nakasa har abada.

Na ce wa Yaya ya bar kekensa inda yake, mu je wurin likitan ƙashi. Likitan ya kwantar da shi rigingine, ya ɗaga ƙafar hagu a miƙe. Ba ta kai rabin hanya ba Yaya ya yi salati da ƙarfi. Ya sa shi tsayawa a kan yatsu, ya buga masa ƙaramar guduma a agara, ya shafa auduga a gefen ƙafar yana tambaya ko yana ji. Hoton da aka ɗauka daga baya ya nuna faifan ƙarshe ne ya fito ta hagu. Aka ba shi magani, aka tura shi gashin ƙashi, aka ce kada ya kwanta ya yini, ya riƙa tafiya gwargwadon iko, in ƙafar ta fara rauni ya dawo nan take a yi maganar tiyata. Na tambayi likitan batun allurar. Ya ce, "Malam, ba wurin da ciwonsa yake za ta je ba."

Wata biyu da rabi Yaya ya yi kafin ya koma ruku'u da sujada. Har yanzu gefen ƙaramin yatsan bai gama dawowa ba, kuma ya sa yaron shagonsa yana tuna masa ya miƙe duk bayan rabin awa. Makon jiya wata 'yar kawunmu ta sake turo bidiyon, tana neman yadda za a yi wa Inna, wadda kwankwaso ya dame ta tun faɗuwar da ta yi a bakin rijiya. Nata ciwon a cinya yake tsayawa, bai kai gwiwa ba, don haka ban ce a'a ba. Na ce ta shirya Inna ranar Litinin, ni zan zo da mota mu fara kai ta a duba.