Ba a kan layin JAMB ake zaɓa wa yaro makoma ba

Lokacin rajistar JAMB ta bana na raka ɗan maƙwabcina cibiyar da ake cike fom, don mahaifinsa direba ne, yana kan hanyar Legas. Mun yi sammako, amma sai bayan azahar layi ya zo kanmu. Matashin da ke gaban kwamfuta ko ɗaga kai bai yi ba ya ce, “Wane kwas?” Yaron ya waiwayo ya dube ni: “Kawu, me zan ce?” Kafin in buɗe baki wani daga bayanmu ya ce, “Sa masa likitanci mana, ai shi kowa yake sawa.” Yaron nan kuwa ba ɗan ajin kimiyya ba ne, bai taɓa zama a darasin Kemistiri ba ko sau ɗaya.

Tun ranar abin yake ci mini rai. Shekara shida yaro na sintiri zuwa sakandare, sannan shawarar da ta fi kowacce nauyi a karatunsa a yanke ta cikin minti biyu, a tsaye, na baya na turo shi. In bai samu gurbi ba mu ce don ba shi da hanya ne. Ba na musun ana yin wannan. Amma da yawan yaranmu tun kafin a zo wurin neman hanyar sun riga sun faɗi, saboda babu wanda ya zaunar da su ya faɗa musu yadda abin yake tafiya.

A 2025 ɗalibai kusan miliyan biyu ne suka zauna jarrabawar, fiye da miliyan ɗaya da rabi ba su kai maki 200 cikin 400 ba. Hukumar ta amsa cewa tangarɗar na'ura ta shafi ɗalibai kusan 380,000 a Legas da Kudu maso Gabas, har shugabanta na lokacin Farfesa Is-haq Oloyede ya zubar da hawaye yana ba da haƙuri. To mu a nan na'ura ba ta ci mana maki ba. A 2024 ma da ba a yi wannan kukan ba, wajen kashi 76 cikin ɗari ne suka gaza 200.

Ni a ganina ɓarakar daga SS1 take farawa, ranar da ake raba yara, wannan kimiyya, wancan kasuwanci. Sau da yawa yaro inda abokinsa ya shiga yake bi. A ranar ya kamata ya ji cewa mai son likitanci Turanci, Fiziks, Kemistiri da Bayoloji zai rubuta a JAMB, mai son injiniya kuma Lissafi ne zai maye masa gurbin Bayoloji. Mai son zama lauya, jami'o'i da yawa ba sa kallonsa sai da kiredit a Adabin Turanci, darasin da makarantun gwamnati da dama a wajenmu ba su da malaminsa. Kiredit biyar ake nema a WAEC ko NECO, a zama ɗaya ko biyu, wasu jami'o'in kuma in likitanci ne zama ɗaya suke so. Duk wannan a rubuce yake a kundin kwasa-kwasai na JAMB, kyauta a intanet. Wa ya karanta wa yaran? A takarda makarantu na da malamin ba da shawara. A zahiri, inda ma akwai shi, an jibga masa aji shida, ofishinsa kuma ya zama sito na karyayyun kujeru.

Tun 2015 aka bar fensir, kowa a kwamfuta yake rubutawa. Tambaya 180 cikin awa biyu, wato daƙiƙa 40 ga kowace tambaya. Yaron da sai ranar ya fara zama gaban kwamfuta, kafin hannunsa ya daina rawa an ci masa minti goma.

Sai batun suna, wanda ya fi addabar mu 'yan Arewa. Tun 2021 ba a rajista sai da lambar NIN. Za ka ga yaro Muhammad ne a NIN, Mohammed a takardar NECO, Muhammadu a ta firamare. A wata ya sa sunan mahaifi, a wata sunan garinsu. Ranar haihuwa kuwa abin da mai cike fom ya ga dama. Gyaran da za a yi a tsanake tun yana SS2, sai a tashi yinsa ana saura mako guda a rufe rajista. Ga masu yin rajista da layin wayar wani, daga baya a nemi mai layin a rasa.

A jami'o'in tarayya ana raba gurbi ne kashi 45 ga cancanta, 35 ga 'yan yankin da jami'ar take, 20 ga jihohin da aka bari a baya a ilimi, kusan duk jihohin Arewa kuma suna cikin wannan rukunin. Dama ce, in an san ta. Maki 150 da aka tsayar a 2025 a matsayin mafi ƙarancin makin shiga jami'a bakin ƙofa ne kawai. Mai 170 da ya sa likitanci a ABU ko BUK ya zubar da shekararsa, alhali da ya sa wani kwas a jami'ar tarayya ta Dutse, Gusau, Dutsin-Ma ko Kashere wataƙila da yanzu yana aji. Wanda ya rasa ma akwai IJMB, wato karatun share fagen shiga jami'a, akwai NCE da difloma, duka suna iya kai mutum aji biyu kai tsaye. Amma mun ɗauki kwalejin ilimi kamar wurin da ake kai wanda ya gaza.

Yanzu a ce komai ya tafi daidai, sunan yaro ya fito. A gidaje da yawa murna ce da safe, tagumi da yamma. Tun 2023, shekarar da aka cire tallafin mai, jami'o'in tarayya suka ƙara kuɗin rajista, abin da ake biya naira 30,000 ko 40,000 ya koma kusan 100,000 ko fiye, har sai da gwamnatin Kano ta shiga ta biya wa dubban 'yan jihar da ke BUK.

Akwai bashin karatu na NELFUND, wanda aka buɗe shafin nemansa a watan Mayun 2024. Masu tsoron riba su kwantar da hankali, babu kuɗin ruwa a kai. Ana tura kuɗin rajista kai tsaye ga makaranta, ɗalibi kuma yana iya neman naira 20,000 a wata na kashewa. Biya sai bayan shekara biyu da gama bautar ƙasa, a riƙa cire kashi 10 cikin ɗari na abin da mutum ke samu. Ina goyon bayan kowane ɗan talaka ya nema. Sai dai a san iyakarsa. Na makarantun gwamnati ne kaɗai. Ba a nemansa sai ka riga ka zama ɗalibi, makaranta ta tura sunanka. Kuɗin karɓar gurbi, kuɗin mota, katifa, wurin kwana, sau da yawa har rajistar farko, daga aljihun gida za su fito. Naira 20,000 ɗin ma in ka raba ta kwana talatin ba ta kai 700 a rana ba.

Wannan giɓin na farko shi ne yake kayar da yara, kuma shi ne babu mai kallonsa. 'Yan siyasa duk shekara suna rabon fom ɗin JAMB kyauta, a ɗauki hoto a sa a Facebook. Fom ɗin bai kai naira 10,000 ba. Ranar da yaron ya ci, ya zo da takardar gurbi a hannu, sai a ce oga yana Abuja. Da ɗan majalisa zai rage yawan fom ɗin da yake rabawa daga 2,000 zuwa 500, ya biya wa waɗanda suka samu gurbi rajistar shekarar farko, da ya fi. Haka masu fitar da zakka da ƙungiyoyin tsofaffin ɗalibai.

Abin da ke ba ni mamaki, mu mutane ne da suka iya tanadi. Uwa tun 'yarta na shekara goma take ajiye kwanuka da kuloli a ƙarƙashin gado, ta shiga adashe, ta turke akuya, duk don kayan ɗaki. Babu wanda ke jiran a sa rana kafin ya fara. Me ya hana a yi wa jami'a haka? Naira 3,000 a wata daga farkon SS1 zuwa ƙarshen SS3 ta kama 108,000. Wanda ke tsoron tsadar kaya ta cinye kuɗin, ya sayi tunkiya ya turke. Na san akwai gidan da ko 3,000 ɗin ba za ta yi saura ba, don a can maganar tuwon dare ake yi, kuma su ne ya kamata tallafin jiha ya fara nema. Amma akwai gidaje masu yawa da za su iya, ba su dai taɓa sa abin a lissafi ba.

Ranar dai na ja yaron muka fita daga layi, muka rasa wurinmu. A gindin wata darbejiya na buɗe kundin a wayata, muka bi darussan da yake yi ɗaya bayan ɗaya, muka tarar sun dace da Kimiyyar Siyasa. Washegari muka sake sammako. Mahaifiyarsa kuma ta shiga adashen matan layinmu, ta roƙi uwar adashe a bar mata kwasar watan Oktoba.