Jirgin yaƙi na ƙarƙashin teku ba shi da rezo

A fadojin Yamai, in hira ta kai kan yaƙin manyan ƙasashe, sai ka ji ana cewa jirgin ƙarƙashin teku yana can ƙasan ruwa yana hira da shugabanninsa ta tauraron ɗan Adam yadda ya ga dama. Sam ba haka ba ne. Ruwan gishiri shanye igiyar rediyo yake yi, siginar GPS da ta tauraron ɗan Adam ba sa ratsa shi.

Abin da ke shiga ruwa sai igiya mai jinkirin kaɗawa. Wadda ake kira VLF takan nutsa mita ashirin ko makamancin haka, kuma da ita Faransa ke aika wa jiragenta umarni daga tashar Rosnay. Wadda ake kira ELF, mai jinkirin kaɗawa fiye da VLF, ta fi zurfi. Amurka ta yi amfani da ta hertz 76, wato mai kaɗawa sau 76 a daƙiƙa, daga Wisconsin da Michigan har ta rufe tashoshin a 2004, Rasha kuwa tana da ta hertz 82 kusa da Murmansk. Eriyar tashar ELF wayoyi ne masu tsawon kilomita da dama, amma duk wannan wahala, haruffa uku kacal sai sun ci mintoci kafin su isa. Jirgin kuma ba ya iya maida amsa ta wannan hanya.

In kwamandan jirgin na son aika saƙo, galibi sai ya taso dab da saman ruwa ya leƙo da eriya, ya tura cikin gaggawa ya koma, don a wannan ɗan lokacin ne radar abokan gaba ke iya gano shi.