Kun kashe tafki, kuna kiransa shaƙatawa

To 'yan shaƙatawar ƙarshen mako, sannunku da aiki, kun burge. Na ga bidiyon kamun kifinku da guba kamar yadda kowa ya gani. Na ga wanda yake girgiza kwalbar maganin feshi yana tuttulawa a tafki sauran suna ihu suna tafi, na ga inda kifi ya taso ciki sama ya rufe ruwa fari fat, na ga an hura garwashi an ɗora waya ana gashi ana rawa. A ƙasa kuma aka rubuta wai ƙwararrun masunta. Ƙwararru a ina?

Wannan ba kamun kifi ba ne, ɓarna ce. Ko sau ɗari za ku shigo mini ta bayan fage kuna cewa in sassauta, amsar ɗaya ce, ɓarna ce.

Ku duba ma lokacin da suka zaɓa. Bazara, ruwa ya ja baya, kifin da ya watsu a fadama da damina duk ya tattaru a ɗan abin da ya rage. Lokacin ne tarwaɗa take ɗaukar ƙwai tana jiran ruwan farko ta haura cikin ciyawa ta zuba. Duk wanda ya taɓa fede tarwaɗa gab da faɗuwar damina ya san yadda cikinta yake cika dam. Karfasa kuwa a baki uwar take ajiye ƙwanta har ya ƙyanƙyashe, ko ci ba ta yi sosai a kwanakin. Guba ba ta san wannan ba. Ta kashe uwa, ta kashe ƙwai, ta kashe 'yan mitsi-mitsin da ko tsinta ba ku yi ba kuka bar su suna ruɓewa a bakin ruwa. Kuma tafkin nan shi ne mashayar shanun Fulani, nan mata suke wanki, nan yara suke ninƙaya da rana tsaka. Ku kun shige mota kun koma birni. Su fa?

Wani ya ce mini wai talauci ne. Wane talauci? Mutanen da suka zo a motoci, da kula cike da lemo mai sanyi, da wayar da kuɗinta ya fi na kwale-kwale? Ku bar mini talaka ya huta. Talakan gaske shi ne masuncin da zai fito da asuba ya jefa birgi a wannan ruwan ya jawo wayam.

Wani kuma wai ai kakanni ma sun yi da magimfa. Sai me? Don an taɓa yi ba shi ne ya zama daidai ba, kuma ganyen da ake dakawa daban, abin da aka haɗa a masana'anta don kashe ƙwarin gona daban. Gamalin, maganin ƙwarin nan da manyanmu suka sani, tun 2009 ƙasashen duniya suka amince a daina amfani da shi a noma saboda yadda yake daɗewa bai gushe ba, yana taruwa a kitsen dabba da na mutum. A 2015 hukumar binciken ciwon daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa sinadarinsa a jerin masu haddasa cutar. Ko shi ne a kwalbarku ko wani ɗan uwansa, duk ba na ci ba ne. Mai cewa wuta tana kashe dafin, Allah ya ba ka lafiya, amma kada ka ba yaranka.

Sai masu cewa kifi na Allah ne, ba ya ƙarewa. Je ka Yawuri ko Haɗeja ka zauna da tsoffin masunta ka faɗa musu haka, ka ga irin kallon da za su yi maka.

Abin da ya fi ba ni haushi shi ne ba mu rasa abin koyi ba. Argungu tana nan. Tun 1934 ake bikin kamun kifi a can, lokacin da Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya kai ziyara bayan tsohuwar gabar da ke tsakanin Sakkwato da Kabi. Dubban mutane suke faɗawa kogin Matan Fada a lokaci guda, ba mai komai sai homa da gora, kuma a haka ake fito da giwan ruwa mai nauyin kilo 70 da ɗoriya. Me ya sa kifi yake girma haka? Domin akwai Sarkin Ruwa, akwai doka, ana barin ruwan ya huta sai ranar da aka ba da izini. Wannan ladabin ne UNESCO, hukumar raya al'adu ta Majalisar Ɗinkin Duniya, ta karrama a 2016. Ba wanda zai karrama kwalba.

Dokar ƙasa ma tana nan tun 1992, ta hana kamun kifi da guba ko abin fashewa ko wutar lantarki a ruwayen cikin gida. Tana nan a takarda tana barci, kamar yadda muka saba. Ga fuskoki tar a bidiyo, har da lambar mota, amma ku sa ido ku ga ko wani zai motsa.

Wallahi ba na ƙin matasa su fita su sha iska. Ina ma a ce kowane yaron birni zai koyi zama a bakin dam ɗin Tiga da fatsa da gwangwanin tana, ya ɗaura ɗan guntun kara a zare ya zuba masa ido. Ka ga karan ya ɗan motsa, ya tsaya, ya sake motsawa, sai ya nutse gaba ɗaya, zuciyarka ta buga ka fizgo. Karfasa biyar ka samu a yini, sun ishe ka, ƙanana ka mayar da su. Daɗin yana cikin jiran. Wanda ba zai iya jira ba ya tafi kasuwa ya saya, ba abin kunya ba ne. Masu kamun kifi da gidan sauron da aka raba don jarirai, ku ma ina sane da ku, ranarku daban.

Af, da na manta. Mai gashin nan da ya barbaɗa wa tarwaɗa kori da wani garin leda, kai ma da sauranka. Tarwaɗa ruwan zafi ake zuba mata yauƙin ya fita, a goge da lemon tsami. Farfesunta attarugu ne da albasa, citta, masoro, ɗan kanumfari da daddawa, shi ke nan. Kuma ba a sa mata ludayi, tukunyar ake girgizawa don kada ta dagargaje. Kan kuma na mai girki ne, duk gidan da aka ba baƙo kai a bar mai girki da jela an yi zalunci, wannan ba ni da abokin musu a kai.