Jarin waje da hayaƙinsa: abin da ya faru a Morowali ya shafe mu

A watan Janairun 2020 Indunusiya ta hana fitar da ɗanyen ma'adinin nikel daga ƙasarta. Duk mai so, sai ya zo ya kafa masana'anta ya narka shi a can. Masu kuɗi kuwa suka amsa, galibinsu daga Sin, kamfanin Tsingshan na kan gaba. Morowali da ke tsibirin Sulawesi, yankin masunta da manoma a da, ya cika da manyan tukwanen narka ƙarfe. Zuwa 2022 kuɗin da ƙasar ke samu daga kayan nikel ya haura dala biliyan 30, dubban matasa sun sami aiki, yau kuma fiye da rabin nikel ɗin duniya daga Indunusiya yake fitowa.

Ban ga laifinsu ba ko kaɗan. Duk wanda ya san zafin zaman banza ba zai raina albashin ƙarshen wata ba. Afirka gaba ɗayanta ba ta fitar da kashi 4 cikin 100 na hayaƙin kabon na duniya, don haka masu ce wa matalautan ƙasashe su dakata da gina masana'antu ba su yi adalci ba, tunda su da kwal suka yi arzikinsu.

Inda gizo ke saƙa shi ne wuta. Narka nikel na shan lantarki dare da rana, layin gwamnati kuma bai iya ɗauka ba. Sai kamfanonin suka gina tashoshin kwal na kansu a cikin harabar masana'antun. A Satumban 2021 Shugaba Xi Jinping ya shaida wa Majalisar Ɗinkin Duniya cewa Sin ta daina gina sababbin tashoshin kwal a ƙetare. A 2022 ita ma Indunusiya ta haramta sababbi, amma dokar ta bar ƙofa a buɗe ga irin waɗannan na masana'antu. Wani ɓangare na nikel ɗin yana tafiya cikin batirin motocin lantarki da ake tuƙawa a Turai da Sin, tokar da hayaƙin kuma su zauna wa mutanen Sulawesi. Tashar kwal kan yi shekara 30 zuwa 40 tana aiki. Yaron da aka haifa ranar da aka buɗe ta zai aurar da 'yarsa tana ci gaba da turnuƙewa.

Mai zuba jari ba don son hayaƙi ya zo ba, riba yake nema. Wutar da ya tarar da sauƙi ita zai kama. A Habasha, masaƙun Hawassa da aka buɗe a 2016 lantarkin madatsun ruwa suke sha, domin shi ƙasar ta tanada.

Wannan ne ke tayar mini da hankali game da Najeriya. Gwamnati ta ce ba a ba da lasisin haƙar ma'adinai sai da shirin sarrafawa a gida, a 2024 ma an buɗe masana'antar litiyom, ma'adinin da ake yin batir da shi, ta 'yan Sin a jihar Nasarawa. Madalla. To da wace wuta? Ƙasar da ke da mutum sama da miliyan 200 tana raba megawat dubu huɗu zuwa biyar. Ka shiga Sharaɗa ko Bompai a Kano da rana tsaka: ƙarar janareta ce za ta fara tarbar ka, ga tankar dizal a bakin ƙofa, ga bango ya yi baƙi ƙirin daidai bakin salansa, maigadi ya ɗaure hanci da ƙyalle. Kowane sabon kamfani da ya zo a wannan hali, injinsa zai kawo.

Shugaba Buhari ya yi alkawari a taron sauyin yanayi na Glasgo a 2021 cewa Najeriya za ta daidaita hayaƙin da take fitarwa da wanda take kawarwa nan da 2060. Wannan alkawari a teburin yarjejeniya ake cika shi, tun ran gini tun ran zane. Kafin a yafe wa kamfani haraji, a rubuta masa inda wutarsa za ta fito: kaso nawa daga hasken rana, wanda Arewa ke da shi har ya yi yawa, kaso nawa daga iskar gas. A ƙarasa bututun gas na Ajaokuta zuwa Kaduna da Kano, a kai wutar madatsar ruwan Zungeru mai megawat 700 inda masana'antu suke. Za a ce sharaɗi na korar baƙo. Indunusiya ta gindaya sharaɗin da ya fi wannan tsauri, ba su gudu ba, domin nikel ɗin a ƙarƙashin ƙasarta yake. Litiyom ɗin ma a Nasarawa yake.